Kafin Alƙalami Yanzu, Ciko Sai Yaro Ya Koya: Sabuwar Kwangilar Makarantu a Amurka

Duk wanda ya taɓa sa magini aiki ya san bambancin biyan yini da jinga. Idan da yini kuka yi, kuɗinsa na tafiya ko bulo goma ya ɗora ko ɗari. Idan jinga ce, sai katanga ta tsaya a sallame shi. Kowanne da tasa illar: mai yini yakan ja aiki, mai jinga yakan yi gaggawa ya rage siminti. Wannan tsohuwar gardama ce ta shiga makarantun gwamnati na Amurka tun bayan annobar korona. Wasu gundumomin makarantu sun fara rubuta wa kamfanonin da ke sayar musu da darasin ƙari da manhajojin koyo kwangila mai sharaɗi: ga kafin alƙalami, amma cikon kuɗin sai an auna an ga yaran sun ƙaru.

Da jin maganar mutum zai ce ai tun farko haka ya kamata. Sai dai katanga ana ganinta da ido, a buga ta da hannu a ji ƙwarinta. Abin da ya shiga kan yaro kuwa sai an auna, kuma rigimar duk a wajen awon take: da wane mudu, a hannun wa, kuma wa za a tambaya idan mudun bai cika ba.

Su wa ke cinikin, kuma me ake saye

A Amurka ba gwamnatin tarayya ke tafiyar da makarantun firamare da sakandare ba. Aikin gundumomin makarantu ne, waɗanda yawansu ya kai wajen 13,000. Kowace tana da kwamitin gudanarwa, galibi mutanen gari ke zaɓensa, da shugaban da kwamitin ke ɗauka aiki. Wata makaranta biyu ce da ita a ƙauye, wata kuma, kamar ta birnin New York, ɗalibanta sun doshi miliyan guda. Mafi yawan kuɗinsu daga jiha da harajin gidajen yankin yake fitowa, na tarayya wajen kashi 10 ne cikin 100 a shekarun da ba na annoba ba. Za a iya kwatanta gundumar da hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, sai dai ita tana ɗaukar malamanta da kanta, tana kuma sa hannu a kwangilar miliyoyin daloli.

Gundumomi suna sayen komai, daga abincin rana zuwa motocin ɗaukar yara, amma abu biyu wannan magana ta fi shafa. Na farko darasin ƙari, wato lesin, inda kamfani ke kawo mai koyarwa ya zauna da yaro ɗaya ko uku ko huɗu, ido da ido ko ta intanet. Na biyu manhajojin koyon karatu da lissafi da yara ke buɗewa a kwamfuta. A tsohon tsari lesin da awa ake biya, manhaja kuma da yawan yaran da aka saya wa lasisi. Ko yaro ya buɗe ko bai buɗe ba, ko ya koya ko bai koya ba, kamfani ya ci kuɗinsa.

Sabon tsarin, wanda za mu kira kwangilar biya bisa sakamako, ya fara ne da wasu masu bincike na Jami'ar Harvard da 'yan gundumomi kaɗan, daga baya gidauniyar Southern Education Foundation da ke Atlanta ta riƙe shi, tana horar da gundumomi yadda ake rubuta kwangilar. Ƙa'idarta ita ce a rataya aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin a kan sakamakon yara. Cikin gundumomin da suka yi suna a kansa akwai Ector County a Texas, a zamanin shugabanta Scott Muri, da Duval County a Florida.

Ga misali da alƙaluman da aka ƙaga don bayani kawai. A ce gunduma ta ware dala 1,000 ga kowane yaro don lesin lissafi na shekara. Dala 600 kamfani zai karɓa muddin ya kawo masu koyarwa ya yi darussan. Dala 200 sai yaron ya kai ci gaban da aka tsammata masa a gwajin ƙarshen shekara. Sauran 200 sai ya zarce haka, ko ya ci jarrabawar jiha. Yaro da yaro ake lissafin. Cikin yara 500, idan 300 suka kai matakin farko, 100 daga cikinsu kuma suka kai na biyu, kamfani zai tashi da dala 380,000 maimakon 500,000.

Abu ɗaya da ake yawan rikitawa: wannan tsari bai taɓa albashin malamin aji ba. Ɗaure albashin malamai da makin ɗalibai wata gardama ce daban, mai tarihinta. Nan tsakanin gunduma ne da ɗan kwangila.

Abin da ya kawo maganar yanzu

Korona ta rufe makarantu, wasu har fiye da shekara. Da sakamakon jarrabawar ƙasa ta NAEP ya fito a 2022, lissafin 'yan aji 8 ya faɗi da maki 8 idan aka kwatanta da 2019, na 'yan aji 4 ya faɗi da maki 5. Ba a taɓa ganin faɗuwa irin wannan a lissafi ba tun da aka fara jarrabawar. Majalisar dokokin tarayya ta zuba wa makarantu wajen dala biliyan 190 a zango 3 tsakanin 2020 da 2021, kuma zango na ƙarshe, wanda ya fi girma, ya wajabta wa gundumomi kashe aƙalla kashi 20 wajen cike giɓin karatu.

Kuɗi ya samu, kuma akwai hujjar da ta nuna inda za a sa shi. A 2020 masu bincike uku, Andre Nickow da Philip Oreopoulos da Vincent Quan, sun tattara gwaje-gwaje 96 na lesin, suka ga tasirinsa babba ne: idan aka jera yara 100, wanda ke tsakiyar layi yakan tsallake yara wajen 14. Amma lesin da ya fi aiki shi ne wanda ake yi sau 3 ko fiye a mako, cikin lokacin makaranta. Kasuwa kuwa ta cika da masu sayar da abin da ya fi sauƙi, irin lesin da yaro zai nema da kansa a waya da daddare in ya ga dama. Gundumomi da yawa sun biya miliyoyi, daga baya suka tarar yara ƙalilan ne suka taɓa shiga. Haka manhajoji. Wani marubuci kan harkar ilimi, Laurence Holt, ya nuna a 2024 cewa binciken da ke yaba manhajojin lissafi galibi a kan wajen kashi 5 na yara aka yi shi, wato waɗanda suka yi amfani da su yadda aka tsara. Sauran 95 ba su cikin lissafi.

Wa'adin ƙulla kashe kuɗin tallafin ya ƙare ranar 30 ga Satumba 2024. Da tallafin ya ƙare, nauyin kuɗin lesin ya koma kan kasafin da gunduma ta saba samu, shi ya sa tambayar me muka samu da kuɗinmu ta yi nauyi.

An taɓa bin wannan hanya

Masu tallata tsarin sukan kira shi sabo. Shekarunsa sun haura 160.

A 1862 Robert Lowe, wanda ke riƙe da harkar ilimi a gwamnatin Birtaniya, ya kawo dokar da ta ɗaure tallafin makarantun firamare na Ingila da jarrabawar shekara. Ana biyan sule 4 a kan zuwan yaro makaranta, sule 8 a kan cin karatu da rubutu da lissafi, duk fannin da ya faɗi a zabge sule 2 da kwabo 8. Lowe ya gaya wa majalisa cewa idan tsarin bai yi araha ba zai yi inganci, idan bai yi inganci ba zai yi araha. Ranar zuwan sufeto ta zama ranar da abincin malami ya rataya a kanta. Yara suka koma haddace littafin karatu daga bango zuwa bango, darussan da ba a biya a kansu suka sha kashi. Matthew Arnold, wanda shi kansa sufeton makarantu ne, ya yi ta sukar tsarin a rahotanninsa. Kafin ƙarshen shekarun 1890 an nannaɗe shi.

Wanda ya fi kama da na yau shi ne na Texarkana, garin da ke kan iyakar Texas da Arkansas. A 1969 makarantun garin suka ba kamfanin Dorsett Educational Systems kwangilar koyar da yaran da ake tsoron za su bar makaranta. Cinikin a fili yake: dala 80 ga duk yaron da karatunsa ya hau aji guda cikin awa 80, a ƙara idan ya yi sauri, a rage idan ya yi jinkiri. Kamfanin ya shirya ɗakuna masu darduma da na'urar sanyaya ɗaki, ya zaunar da yara gaban injinan koyarwa, wanda ya yi ƙoƙari a ba shi kyauta, har da ƙaramar rediyo. Sakamakon farko ya burge kowa, baƙi suka yi ta zuwa kallo. Daga baya aka gano cewa tambayoyin jarrabawar da za a biya kuɗi a kanta suna cikin darussan da ake ba yaran. Makin ya tashi daga aiki.

Duk da haka ofishin yaƙi da talauci na gwamnatin tarayya ya gwada tsarin a shekarar karatu ta 1970 zuwa 1971, da kamfanoni 6 a gundumomi 18, tare da yaran da ba a sa cikin shirin ba don kwatantawa. Rahoton 1972 ya ce yaran kamfanoni ba su fi sauran ba. Aka shiga jayayya kan biya, ƙungiyoyin malamai da tun farko ba su so ba suka ce ai mun faɗa, maganar ta mutu.

Adalci ya sa a ambaci ɗaya ɓangaren. Dokar No Child Left Behind da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2002 ta tilasta wa makarantun 'ya'yan talakawa da suka daɗe suna faɗuwa su biya wa yara lesin a wajen kamfanoni, kuma da awa ake biya. Kamfanoni suka yi ta farautar sa hannun iyaye da kyaututtuka, wasu aka kama su suna cajin darussan da ba a yi ba, binciken da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sa aka yi bai ga wani tasiri a fili ba. Ke nan Amurka ta ɗanɗani yini ta ɗanɗani jinga, kowanne ya taɓa ƙona ta.

Rigimar mudu

Matsala ta farko ita ce me za a auna. Idan aka ce sai yaro ya ci jarrabawar jiha, kamfani mai wayo zai zuba ƙarfinsa a kan yaran da saura ƙiris su tsallake, ya ƙyale wanda ke baya da aji uku, domin shi ko ya yi tsalle bai kai layin ba. Shi ya sa kwangilolin yanzu suka fi son auna ci gaba: daga ina yaro ya tashi a farkon shekara, ina ya kai a ƙarshe. Ana yawan amfani da gwaje-gwajen kwamfuta irin su MAP da i-Ready da yara ke yi sau 2 ko 3 a shekara. Wasu kuma suna sa farashi mafi tsoka a kan yaran da suka fi baya, don kada a guje su.

Ta biyu, ci gaban na wa ne? Yaron da ke lesin na minti 30 sau 3 a mako yana kuma zama da malamin ajinsa awa biyar ko shida kullum. Yana da uwa da ke duba masa aikin gida, ko ba shi da ita. Idan makinsa ya hau, kamfani zai miƙo takardar biya, alhali mai yiwuwa gumin malamar aji ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan makin ya faɗi saboda an sauya wa ajin malami sau uku a shekara, kamfani ne zai yi asara a kan abin da ba shi da hannu a ciki.

Akwai kuma wata dabi'a ta gwaji da kan yaudari mutane. Idan ka zaɓi yaran da suka fi faɗuwa a gwajin farko, a cikinsu akwai wanda zazzaɓi ke damunsa ranar, da wanda ya danna amsoshi don ya huta. A gwaji na biyu makinsu zai hau ko ba a koya musu komai ba. Kwangilar da ba ta lura da wannan ba za ta biya kuɗi a kan iska.

Abin da ya faru a jihar Utah ya nuna yadda zato ɗaya kan ɓata lissafi. A 2013 bankin Goldman Sachs da attajiri J.B. Pritzker suka zuba kuɗi a makarantun share fage na yankin Salt Lake, da alkawarin za a biya su a kan duk yaron da aka yi hasashen zai buƙaci ajin masu buƙata ta musamman amma bai buƙata ba. A 2015 aka sanar cewa cikin yara 110 da aka yi wa wannan hasashe, guda ɗaya ne kawai ya shiga ajin, aka biya bankin wajen dala 260,000. Masana ilimin ƙananan yara suka ce wannan nasara ta fi ƙarfin hankali. Gwajin da aka tantance yaran da shi na sanin kalmomi ne, yaron da ba Ingilishi ake yi a gidansu ba zai iya faɗuwa ko lafiyarsa ƙalau. An ɗauka duk 110 ɗin za su shiga ajin in ba don shirin ba, kuma babu rukunin kwatantawa da zai tabbatar da haka.

Ta uku, a hannun wa mudun yake. Wasu kamfanoni su ke sayar da darasi su ke sayar da gwaji. Darasin Texarkana shi ne kada mai karɓar kuɗi ya ga tambayoyi. Matsin ma ba ya tsayawa kan kamfani. A Atlanta, inda aka ɗaure ladan ma'aikata da tsoron kora da makin jarrabawa, kotu ta kama malamai da jami'ai 11 da laifi a 2015 kan gyara amsoshin ɗalibai. Masanin zamantakewa Donald Campbell ya daɗe da yin gargaɗi tun shekarun 1970 cewa duk ma'aunin da aka ɗora wa hukunci mai nauyi, mutane za su fara lanƙwasa shi.

Sharaɗin da ke kan makaranta

Wurin da tsarin yau ya sha bamban da na 1970 yana cikin wani sashe na kwangilar da ba a cika kawo shi a labarai ba. Gunduma ma tana ɗaure kanta. Takan yi alkawarin cewa yaro zai halarci wani kaso na darussan, za a ba da ɗaki da kwamfuta da intanet mai aiki, za a sa babba ya zauna da yaran. Idan yaro bai samu adadin darussan ba saboda sakacin makaranta, gunduma za ta biya kamfani kuɗin sakamakon ko yaron bai kai ba.

A duba yadda abin yake a ƙasa. Ƙarfe 10 da rabi lokacin lesin ne. Mai koyarwa ya hau intanet yana jira. Yara 12 ya kamata su zo, amma an kira taron makaranta a zaure, ko malamar kimiyya ta riƙe su don ba ta gama ba, ko abin sawa a kunne guda huɗu sun lalace ba wanda ya kai rahoto. A tsohon tsari babu wanda zai ji ciwon wannan: kamfani ya rubuta awarsa, shugaban makaranta bai ma sani ba. A sabon tsari kowace kujerar da ba kowa a kanta asara ce ga ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu, don haka sukan zauna duk mako ko biyu da takardar halarta a gabansu: wane yaro ne bai zo ba, me ya hana shi, wa zai je ya ɗauko shi.

Idan aka tuna cewa babbar cutar lesin da manhaja ita ce rashin amfani da su, za a ga me ya sa wannan sashe ya fi barazanar hana ciko muhimmanci. Abin da ya fi sauyawa shi ne halin mai saye. Gundumar da za ta rubuta irin wannan kwangila dole ta zauna ta yanke waɗanne yara take nufi, a wane fanni, wane ci gaba take so, da wane lokaci a jadawali za a ba su. Da yawa ba su taɓa yin wannan ba kafin su sa hannu a takardar saye.

Masu so da masu ƙi

Masu goyon baya suna cewa kuɗin jama'a ne, kuma bai dace haɗarin ya zauna a kan yara da masu biyan haraji kaɗai ba. Kamfanin da ya yarda da kayansa ba zai ji tsoron sharaɗi ba, wanda ya ja da baya kuwa ya faɗi wani abu game da kansa. Suna ƙarawa da cewa kuɗin da ba a biya ba yana nan a asusun gunduma don yaran baɗi.

Masu suka suna da hujjoji da ba a ture su da hannu ɗaya. Kamfani ba wawa ba ne: idan ya san kashi 40 na cikin haɗari, zai iya ɗaga farashin tushe har asarar ta koma kan mai saye. Abin da gwajin kwamfuta ke iya aunawa, karatu da lissafi, shi zai cinye lokacin yara, abin da ba ya aunuwa ya koma gefe kamar zamanin Lowe. Rubuta kwangilar da bin diddiginta na buƙatar ma'aikatan alƙaluma da lauyoyi, ƙaramar gundumar karkara kuwa wani lokaci mutum ɗaya ne ke riƙe da sayayya da albashi da motoci. Akwai kuma batun lokaci: shekarar kuɗi ta yawancin gundumomi tana rufewa ranar 30 ga Yuni, sakamakon jarrabawar jiha kuma sau da yawa sai bayan nan yake fitowa.

Sannan labaran nasara da ake ji daga gundumomin da suka shiga da ƙafarsu suke fitowa, masu shugabannin da tun asali suna bibiyar aiki. Raba tasirin kwangilar da tasirin irin waɗannan shugabanni abu ne mai wuya, kuma mai karatu ya riƙe wannan a ransa duk lokacin da ya ga alƙaluma masu daɗi.

A wajen Amurka

Gwajin da aka fi kafa hujja da shi a Indiya aka yi. Daga 2015 zuwa 2018 ƙungiyar Educate Girls ta yi aiki a gundumar Bhilwara ta jihar Rajasthan da jarin dala 270,000 daga gidauniyar UBS Optimus, wata gidauniyar kuma ta ɗauki nauyin biya idan an cimma buri. Kashi 80 na biyan a kan koyo yake, 20 a kan shigar da 'yan mata makaranta. Masu awon, IDinsight, ba su da rabo a cinikin, kuma sun kwatanta da makarantun da ba a shiga ba. Bayan shekara 2 ƙungiyar wajen rabin burin koyo ta kai. Ta sauya salo, ta ƙara bin yara gida, ta ƙare da kashi 160 na burin koyo da 116 na shigarwa.

Salon ya iso Afirka ta Yamma. Ghana na da shiri na dala miliyan 30 da ke biyan ƙungiyoyi bisa yaran da suka mayar makaranta da abin da yaran suka koya. A Najeriya shirin BESDA na Bankin Duniya, na dala miliyan 611 da aka amince da shi a 2017 don jihohi 17, mafi yawansu na Arewa, shi ma an tsara shi ne ta yadda sai an tantance sakamako za a saki kuɗi. Bambancin shi ne a BESDA cinikin tsakanin banki ne da gwamnati, kuma kaso mai tsoka na awon ƙirga yaran da suka shiga makaranta ne, wanda ya fi auna abin da ke kansu sauƙi.

Abin da zai taɓa mutane

Ga iyaye a gundumar da ta bi tsarin, abin da za su fara gani shi ne lesin ya shigo cikin jadawalin rana, kuma makaranta na kiran waya idan yaro ya yi fashi. Abin tambaya a taron iyaye shi ne wane darasi ake cire yaron daga ciki don ya je lesin, kuma da wace ƙa'ida aka zaɓi waɗanda suka shiga. Yaron da ke yawan fashi, ko wanda bai daɗe da zuwa ƙasar ba, shi ne wanda ɓangarorin biyu za su iya samun dalilin barinsa a waje, tunda yana ɓata wa kowa lissafi.

Malamin aji zai ga ƙarin aiki na kai yara da rubuta halarta, da ƙarin nauyi a kan ranakun gwaji. Masu koyar da lesin, waɗanda da yawansu ɗaliban jami'a ne da tsofaffin malamai masu aikin awa, su ne matsin cikon ke sauka a kansu daga sama.

Ƙananan ƙungiyoyin unguwa su ma suna cikin tsaka mai wuya. Albashin masu koyarwa duk wata ake biya, cikon kuwa sai ƙarshen shekara, wanda ba shi da jari mai kauri ba zai iya jira ba, kasuwar sai ta karkata ga manya. Manyan ma ba su tsira ba. A Janairun 2025, 'yan watanni bayan ƙarewar tallafin korona, kamfanin FEV Tutor, ɗaya daga cikin manyan masu lesin ta intanet kuma cikin waɗanda suka yi irin wannan kwangila, ya rufe ba zato a tsakiyar shekarar karatu. Gundumomin da ke hulɗa da shi suka wayi gari da yara a jadawalin lesin babu mai koyarwa, suka shiga neman wanda zai karɓi aikin saura 'yan watanni a yi jarrabawar jiha.